Mama Ta Rasu a Gidan da Ba Namu Ba

A watan nan Mama ta cika shekara tara da rasuwa. Kowace shekara sai in ce zan rubuta wani abu a kanta, in ɗauki biro in ajiye, domin akwai abin da ya tsaya mini a rai, ni kuma ban iya yabon mamaci da ciki a cunkushe ba. Bana dai na gaji da riƙon abin.

Sunanta Rahila, amma a cikin birni Mai Keke suke ce mata. Mu Hausawa ne Kiristoci, asalinmu wani ƙauye a kudancin Kano, zamanmu a Sabon Gari. Babanmu ne mai gyaran keken ɗinki. Da ya rasu ya bar mata mu uku da jakar kayan aiki, sai ta rataya jakar ta fita. Tana da abin da maza masu gyara ba su da shi: ita mace ce, tana shiga har ƙuryar ɗaki. Matan aure masu ɗinki a gida suka huta da jiran maigida ya sa a cicciɓi keke zuwa kasuwa. Fiye da shekara ashirin tana zaga Koki da Zaitawa har Ƙofar Ruwa, hannunta kullum yana warin man keke.

Abin da ke ba ni haushi da ita shi ne ba ta da tsari. Da safe za ta durƙusa gaban gado ta yi addu'a, ba doguwa ba, ta miƙe ta ɗaura ɗankwali. In na ce, "Mama, yau ina za ki?" sai ta ce, "Inda aka kai ni." Ni malamar makaranta ce, ina son abu a rubuce. Na taɓa saya mata littafi don ta riƙa tsara gidajen da za ta je, ta mayar da shi abin goge allura. "Saratu," in ji ta, "ke so kike Ubangiji ya karanto miki sati ɗungurungum. Ni in ya nuna mini lungun yau, ya gama mini komai." Da gaske take. Ta yarda yana tafe da ita a kowane lungu, har takan yi masa ƙorafin ciwon gwiwa a fili kamar mai hira da maƙwabciya.

Ran wata Talata da hantsi, tana gyara a gidan Hajiya Yagana a Zaitawa, zuciyarta ta tsaya. Ina cikin aji aka kira ni. Kafin in isa asibiti an rufe ta da zane. Alhaji mijin Hajiya ne ya kawo ta a motarsa; ya yi mini gaisuwa, ya jira har 'yan'uwana suka iso, ya tafi.

Muka yi zaman makoki a Sabon Gari. 'Yan coci sun zo, sun yi waƙa, sun yi girki, Allah ya saka musu. Amma idona yana ƙofa. Matan da Mama ta ƙarar da gwiwoyinta a gidajensu, ko ɗaya ban gani ba. Sau biyu aka aiko cewa Hajiya tana nemana, na ce a gaya mata na ji. Fushina bai tsaya a kansu ba, gara in faɗi gaskiya. Matar da ta ce Allah ne ke zaɓar mata hanya, sai ya zaɓar mata mutuwa a tsakar gidan wasu, ba fasto, ba ɗa, ba mai kama mata hannu a yi addu'a? Tambayar da na kwana da ita shekara tara ke nan: ita kaɗai ta tafi?

Ban daina zuwa coci ba. Ina tashi in an tashi, ina zama in an zauna, bakina yana waƙa, shi ke nan. A tsakanin nan maigidana ya samu shanyewar ɓarin jiki, yara suka watse neman abinci, ni ce juya shi, ni ce makaranta, ni ce layin asibiti. Nakan tambayi kaina me Mama za ta ce da ta ga yau. Kekunan sun koma na lantarki, mata suna kiran mai gyara ta waya, kowa yana tafe yana kallon allo don ya san inda zai karya kwana. Ina jin dariya za ta yi. Ni kuma za ta dube ni ta ce na rame, ta tambaye ni yaushe rabon da in yi wa Ubangiji magana ba a tsaye cikin jama'a ba.

Makonni uku da suka wuce na shiga kasuwar Kurmi neman man zafi na gargajiya saboda maigida. Wata tsohuwa ta tsaya tana kallona har na tsargu. "Baiwar Allah, ke ba 'yar Mai Keke ba ce? Wallahi tafiyarku ɗaya." Kafin in ƙirƙiro uzuri ta riƙe mini mayafi, ta ce Hajiya Yagana ta daɗe tana cigiyata, ta ja ni lungu-lungu har gidanta a Zaitawa. Ni na ce tsautsayi ne. Mama da wani suna za ta kira shi.

Hajiya Yagana ta tsufa, ido ya yi rauni. Ta shafa fuskata ta ce, "'Yar nan, kin wahalar da ni." Sannan ta nuna mini wajen, gindin wata rumfa. Ta ce Mama tana cikin ɗaure bel ɗin keke ta ce ƙirjinta, sai ta zame. Hajiya ta ɗora kanta a cinya. "Tana kiran Yesu, ni ina kiran Allah, ba wadda ta hana wata. Ta ce mini, 'Hajiya, kada ki tsorata, ai yana nan.' Ni ce mai kuka, ita ce mai rarrashi."

Na ce, "To me ya hana ku zuwa gaisuwa?" Ta saki baki. "Zuwa ina? A nan aka yi mutuwar, a nan muka shimfiɗa tabarmi. Kwana uku mata suna shigowa daga Koki, daga Ƙofar Ruwa, gidan nan ba wajen taka ƙafa. Mafi yawansu ba sa fita nesa, kin sani. Muna ta cewa yanzu 'yarta za ta shigo. Da ba ki zo ba, ni na zauna a madadinki na karɓa." Na san al'adar sarai, a cikinta na girma. Ɓacin rai ne ya hana ni tunawa.

Ba zan ce na warke ba. Maigida yana nan kwance, gajiyata ba ta ragu ba, har yanzu addu'ata gajera ce kuma rabinta ƙorafi. Mama ba ta bar gida ko fili ba. Abin da ya rage nata shi ne wannan taurin kai na yarda cewa ba a bar ta ita kaɗai ba, kuma yanzu na ji daga bakin wadda ta riƙe ta cewa da shi ta cika.

Ranar ban samu tafiya da wuri ba. Hajiya ta aika maƙwabta, ta sa aka shimfiɗa tabarma, ta zaunar da ni a tsakiya. Tsofaffin mata suka riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya, suna cire takalmi, suna durƙusawa da ƙyar. Ta farko ta kama hannuna ta ce, "Saratu, ya haƙuri? Ashe Mai Keke lokaci ya yi." Na buɗe baki in ce da godiya, sai kukan da ban yi a makabarta ba ya zo.