Mai Neman Dogon Bahaushen Karantina

Shekara shida ke nan da rasuwar mahaifina, Baba Idi na unguwar Karantina a nan Jidda. Ku yi haƙuri idan zancen ya karkace.

Baba yana aiki ne da wani mai yi wa alhazai jagora, shi ake turawa ƙasashe ya tattaro maniyyata. Shekarar da Inna ta rasu, ina 'yar sha biyu, ya rasa wurin wanda zai bar ni, sai ya tafi da ni Kambodiya. Mai masaukinmu, Alhaji Yusufu, Musulmin can ne, yana da 'ya sa'ata, Sariya. Su suka kai mu kufan tsoffin ɗakunan bauta na mutanen Khmer, can cikin daji.

Fuskokin dutse na gani, kowace ta fi ƙofar gidanmu girma, saiwoyi sun nannaɗe gini. Na ƙanƙame rigar Baba, na ce ba ni shiga gidan aljanu.

Ya ce, "Aljanin da ya bar rufinsa ya zube haka ai malalaci ne, Hajjo. Mutane suka gina. Yalla, mu je."

Sariya ta ja hannuna muka hau. A sama muka tarar da magina suna sa wa duwatsun da suka faɗo lamba, suna mayar da kowanne mazauninsa. Baba ya tsaya kallonsu har la'asar ta kusa kuɓuce mana.

Bayan rasuwarsa yaƙi ya cinye Kambodiya, wasiƙun Sariya suka yanke. Wani lokacin har godiya nake da bai ga haka ba.

Ranar Talata wani dattijo ɗan Kambodiya da ya zo Umra ya yi ta tambaya har ƙofarmu, yana neman "dogon Bahaushen nan", wato Baba. Abin da ya faɗa game da ƙauyen su Sariya ba zan rubuta ba. Alhaji Yusufu ya rasu. Amma Sariya tana raye, a sansanin 'yan gudun hijira, da jaririnta a hannu, kuma sunan Baba kaɗai ta samu ta bayar.

Sai da kafili, wanda zai tsaya mata a hukumance, za ta shigo ƙasar nan. Ni ko ta gaban ofishin iƙama, inda ake ba baƙi takardar zama, na bi, gabana faɗuwa yake. Yayana Sale ya ce, "Halas, shi ke nan, bar zancen nan, mu ma takardunmu da ƙyar suke tsaye."

Na ce, "To, Yaya, je ka faɗa wa dattijon nan da bakinka."

Sai ya tambaye ni ƙarfe nawa ake buɗe ofishin.

Baba bai bar mana gida ba, haya muke. Abin da ya bari shi ne mutanen da, in duniya ta rushe musu, ƙofarmu suke tunawa. Ranar Asabar za mu je ofishin mu tsaya wa Sariya, ni da Yaya Sale. Tsoro bai sake ni ba, amma na riga na sayo wa jaririn katifa.