Waƙar da Muka Rera Ƙasa-ƙasa a Garejin Likita

Shekaru sun tura, abubuwa da yawa sun kuɓuce mini, amma akwai wata ranar Lahadi da ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Ubangijina.

A lokacin mulkin farar hula bai daɗe da dawowa ba, maganar shari'a ta cika Kano, ko'ina kuma jita-jita ce. A makon nan aka yi ta raɗe-raɗin tashin hankali, don haka mu Kiristocin Nassarawa GRA da Giginyu muka fasa zuwa majami'armu ta Sabon Gari. Wani likita ɗan ikilisiyarmu ya buɗe mana garejin gidansa. Sai da rana ta take muka taru, bayan mun ga yadda gari ya tashi. Faston bai samu isowa ba, nauyin jama'a ya faɗo kaina, kasancewar ni ne dattijon ikilisiya.

Mun fara addu'a ke nan sai wani matashi ya leƙa ta ƙofar gida, ya dawo da sauri. Ya ce maza sun cika ƙofar gidan Alhajin da ke maƙwabtaka da likita, inda akwai ɗan masallaci, motoci kuma sai sauke mutane suke yi. Nan take gareji ya rikice. Wata mata ta rungume 'ya'yanta tana kuka, wasu suka nufi katangar baya.

"Baba, a buga tulun kiɗa da ƙarfi, su san muna nan!" in ji matashin.

"Kai, rufe mana baki!" matar likita ta daka masa tsawa. "Kai ke da yara a nan?"

Na auna al'amarin. Idan muka watse, cikin taron za mu faɗa da mata da yara. Idan muka ɗaga murya, ana iya ɗauka tsokana ce. Na yanke cewa babu wanda zai fita. Sai dai tsayar da mutum wuri ɗaya daban ne da kwantar masa da zuciya.

Na dubi mai ba da waƙarmu, wata ma'aikaciyar jinya da ta daɗe tana jagorantar zumuntar mata. Ta matso ta russuna ta ce, "Baba, ka ba ni izini. In aka bar su shiru, wani zai yi ihu."

Na ce, "Yi, 'yata. Allah ya ba ki hikima."

Ta karɓe tulu da kacau-kacau ta tura su ƙarƙashin benci. Ta zaɓi waƙar da ko yaro ya san amshinta, ta fara ta ƙasa-ƙasa, a hankali ƙwarai, yadda dole mai amsawa ya ja dogon numfashi. Na ga hannunta yana karkarwa, amma muryarta ba ta girgiza ba. Ba ta rufe ido kamar yadda ta saba ba. Fuskoki take bi ɗaya bayan ɗaya. Ta je ta tsaya kusa da mai kukan nan har ita ma ta kama amshi. Da matashin ya fara ɗaga murya, sai ta sauke tafin hannunta kaɗan, ya bi.

Muna cikin haka aka kira sallar azahar. Ba ta yanke waƙar a tsakiya ba, don kada shirun ya zama firgici. Ta kai baitin ƙarshensa, sannan ta ce, "Kowa ya yi magana da Ubansa a zuci." Muka yi tsit har aka idar.

Sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Na fita da kaina. Mai gadin Alhaji ne, wani dattijo mutumin Jigawa.

"Malam, sannunku. Mahaifiyar Alhaji ce Allah ya yi wa rasuwa da safe, jana'iza za a yi. Ko za a ara mana benci? Tsofaffi sun yi yawa."

Matashin nan shi ya fara ɗaukar benci, kansa a sunkuye. Da yamma muka shiga ta'aziyya, ni da likita. Alhaji ya riƙe hannuna ya ce, "Na ji kun sassauta. Allah ya bar zumunci." Bai san dalilinmu ba, ni kuwa sai na tuna tulun da aka so a buga a kan gawar mahaifiyarsa.

Na yi shekaru ina nazarin nassosi a kan sujada, amma a garejin nan na ga ma'anarsu da idona. Mai jagorar yabo makiyayi ne: sai da zuciyar da ke jin tsoron mutanensa, da bangaskiyar da za ta tsaya ko hannu yana rawa, da gwanintar sanin inda za a sauke murya. Ubangiji kuwa yana jin waƙar da aka rera ƙasa-ƙasa.