Inda Man Akori-kurata Yake Tafiya

A shekarar da kuɗin mai ya yi tashin da har yau bai sauko ba, akori-kurata ta koyi shan mai kamar da gayya. Tsohuwar mota ce, fara a da, yanzu kuwa launinta sai wanda ya san ta tun tana sabuwa. Da ita nake ɗaukar katako daga kasuwar Katako in kai wa kafintoci da masu gini, wani lokaci har Bukuru. Da ita na aurar da 'ya'yana, da ita na yi ta kai uwarsu asibiti, kuma a bayanta aka ɗauki gawarta zuwa maƙabarta, don na ce ba za a je aron motar wani ba ina da tawa.

Tun da aka share makoki babban ɗana, wanda ke aiki a Kaduna, ya matsa mini lamba in sayar da motar, in rufe gidanmu na unguwar Ali Kazaure in koma wurinsa. Har ɗaki ya gyara mini, wai da fanka da talabijin. Ni da aka haifa a Jos, kakana ya zo haƙar kuza ya mutu a nan, a ce in je in zauna ƙarƙashin fanka ina jiran surukata ta miƙo mini tuwo? Hujjata ɗaya ce, kuma ita nake kafa masa kullum: motar tana ciyar da ni, ba na neman komai a wurin kowa. To da ta fara shanye abin da take samowa, sai hujjar ta fara rawa. Yaron ba wawa ba ne, ya ji a muryata. Ya ce mini cikin ladabi, irin ladabin nan mai ƙaiƙayi, in har Babbar Sallah ta zo motar ba ta gyaru ba, zai zo da mai saye da kansa. Na amsa masa da to.

Da farko gidan mai na zarga. Na ce sun taɓa mitarsu ne, 'yan banza. Na canza gidan mai, na sake canzawa, allurar tanki ba ta san an yi ba. Sai na koma zargin ɓarayi. Na sayo kwaɗo na garƙame murfin tanki, na riƙa leƙen ƙasan motar da safe ko zan ga alamar an zura tiyo. Har wani kallo na fara yi wa maƙwabtana, mutanen da suka zauna mini zaman makoki suka ɗauke mini ɗawainiyar baƙi. Babu wanda ya taɓa mini ko ɗigo. Kwaɗon dai ya zauna yana tsatsa a ruwan damina.

Da na ga abin ya fi ƙarfina sai na nufi unguwar Kwararafa wurin bakanikena. Ibo ne, sa'ana, gashinsa ya yi fari tun kafin nawa. Yana saurayi ya zo Jos, a nan ya yi aure, a nan 'ya'yansa suka tashi, kuma lokutan da gari ya rikice wasu suka kwashe kayansu suka canza unguwa, shi garejinsa bai motsa ba. Ina kiransa Oga, yana kirana Oga, har yau ba mu daidaita wane ne ogan wani ba. Hausarsa tana gudu kamar ruwa, sai dai a bakinsa babu mace a duniya. Mota shi ne, matarsa shi ne, akuya mai ciki ma shi ne. Na yi shekaru ina tsokanarsa a kan haka, yana ce mini ai motar ba ta taɓa kawo ƙara ba.

Ya buɗe bonet ya kasa kunne. Ya ciro fulogai, ya ga sun yi baƙi, ya aika kasuwar Dilimi aka sayo sababbi. Na yi mako ina aiki, babu canji. Na koma. Ya kwance kafireto, wato inda mai ke gauraya da iska kafin ya shiga inji, ya wanke shi tas, ya busa ƙananan ramukansa da bakinsa. Ya canza matatar iska. Ya ɗaga motar ya juya tayoyin ɗaya bayan ɗaya da hannu, ko birki yana kamawa ban sani ba. Ya tura ni wurin mai faci a daidaita iskar tayoyi. Ya shiga ƙarƙashinta ya bi bututun mai tun daga tanki har gaba yana shafawa da yatsa yana sansanawa, ko akwai inda yake yoyo. Ya sa na taka totur yana tsaye a bayan salansa yana duban hayaƙi. Har tambayata ya yi ko na fara lodin da ya wuce kima, ko ina hawan tudu da giyar da ba ta dace ba. Nan raina ya ɓaci. Na ce masa tun bai iya riƙe sifana ba nake hawan tudun garin nan da katako a bayana, kada ya raina mini hankali. Ya yi dariya, ya ce tambaya ce kawai.

Duk wannan ɗawainiya, abin da ya ragu bai taka kara ya karya ba. Ga Sallah tana matsowa, an fara ganin raguna a bakin titi. Ɗana ya kira ya tambayi jikin motar kamar mai gaida marar lafiya, na ce da sauƙi. Bayan ya kashe wayar na zauna ina duban sitiyari, wallahi har na fara tunanin abin da zan ɗauka a gidan da abin da zan bari. Tsoro ya kama ni, ba na ɓoyewa.

Washegari Oga ya ce ya gaji da canke. Ya ɗauko farar jarka wadda ake ganin abin da ke cikinta, ya cika ta da mai, ya cire bututun tanki ya zura tiyo daga jarkar zuwa inji, ya ajiye ta tsakanin ƙafafunsa a kujerar gaba. Ya ce yau shi ne kwandastana, duk inda zan je ƙafata ƙafarsa, zai ga da idonsa inda man yake tafiya. Ya rufe gareji muka kama hanya.

Rabon da wani ya zauna a kujerar nan tun kafin rasuwar matata. Sai na ji bakina ya buɗe, na yi ta zuba kamar an kunna rediyo. Muka yi lodi a Katako, muka kai wa wani mai rufin gida, muka dawo, muka sake ɗaukar wani zuwa bayan gari. Ruwa ya sauko da azahar, irin mai sanyin nan da ke shiga ƙashi, muka fake muka ci gasasshiyar masara. Duk inda muka tsaya sai ya ɗaga jarkar ya duba, ya yi mata alama da farce, ya taɓe baki. Da la'asar ta yi ya ce shi fa bai ga laifin motar nan ba, daidai aikinta take ci, har ma ta fi wasu yara kirki. Na ce to aljanu ne ke sha ke nan? Ya ce saura abu guda, in kai shi inda take kwana ya duba ƙasan wurin.

Muka shigo layinmu ana shirin magariba. Na tsaya a ƙofar gida, na ja birkin hannu, na jingina da kujera. Inji yana ta kaɗawa a hankali, abin da muke ce wa sulo. Ɗumin injin yana tasowa ta ƙasan ƙafafuna, gilashi ya yi gumi saboda sanyin waje. Yara suka wuce da ƙwallo. Mai kayan miya ya tura baronsa ya wuce. Ban san iya lokacin da muka ɗauka a haka ba. Na dai ga Oga ya sunkuya ya dubi jarka, ya ɗago ya dubi ƙyauren gidan, ya sake duban jarka.

"Oga," ya ce, "wa muke jira?"

Na juya na dubi ƙyauren ni ma.

Ga yadda abin yake. Tun muna da ƙuruciyarmu ban taɓa yi wa matata hon a ƙofar gida ba. Ta ce hon na marasa kunya ne, duk layi sai an san maigida ya dawo. Ta san ƙarar injin nan a cikin motoci dubu. In na iso sai in tsaya in bar shi yana kaɗawa, ita kuma ta ajiye abin da take yi, ta yafa mayafi, ta zo ta zare sakata. Da safe kuma, saboda sanyin garin nan, sai in tayar da motar ta ɗumama, ita ta kawo mini shayi, in na shanye na miƙa mata kofi injin ya yi zafi ke nan, sai tafiya. Kofin shayin nan shi ne agogona. Da ta tafi ban daina ko ɗaya ba. Da safe in tayar da mota in zauna, ba shayi, ba abin da zai ce mini ya isa, sai rana ta ɗaga. Da yamma in tsaya a ƙofar gida har a kira sallah, in tafi masallaci, wani lokaci in dawo in sake kunna ta don ɗumi, don cikin motar ya fi mini cikin gidan. Ban taɓa sa wannan a lissafin aikin mota ba. A wurina motar da ba ta tafiya hutawa take yi.

Ban faɗa wa Oga duk wannan ba, kaɗan na faɗa, a gutsure. Ya san ta, ya ci tuwonta na Sallah shekara da shekaru, ya zo gaisuwa shi da matarsa. Ya sa hannu ya goge gilashin da ya yi gumi.

"Shi ba ya da ciwo ko ɗaya," ya ce. "Jira ne yake cinye shi."

Da Hausar Oga ba ka sanin wa ake nufi. Ko motar yake faɗa, ko ni, ban tambaya ba, kuma ranar ban tsokane shi ba.

Ya sauka ya karɓi makullin gida a hannuna, ya shiga ta ƙaramar ƙofa, ya zare sakata ya wangale ƙyauren. Na shigar da mota na kashe. Ya mayar da bututun tanki, ya ɗauki jarkarsa. Na ce bari in kai shi gida, ya ce a'a, keke mai ƙafa uku zai hau, kada in ƙona mai a banza.

Mako bai zagayo ba allurar tanki ta dawo hayyacinta. Na kira ɗana na ce masa mota ta gyaru, ya bar maganar mai saye. Ya tambayi abin da ya same ta, na ce sulo ne ya yi mata yawa, an rage. Ya ce Alhamdulillahi, amma na ji a muryarsa ba haka ya so ba. Motar ta zauna, ni ma na zauna a Jos.

Sai dai ban san tsawon yammacin gidan nan ba sai da na daina ƙona shi a ƙofar gida. Ranar farko da na dawo ni kaɗai, na tsaya, na sauka nan take kafin zuciyata ta ba ni wata shawara, na buɗe ƙyaure da hannuna, na shigar da mota na murɗa makulli. Shiru ya rufe tsakar gidan, da sauran rana a kan katanga, ga igiyar shanya babu komai a kanta. Na tako har bakin ɗaki na yi sallama. Na ɗan saurara. Sannan na amsa wa kaina, na shiga na ɗora ruwan zafi.