Bargon Citta

Totuwar masara idan tana ci da wuta tana da ƙamshi nata na daban, mai ɗan zaƙi, kamar ana ƙona rake a nesa. Makon jiya na shaƙe shi a bakin titi wajen wata mai gasa masara, sai na tsaya cak da jakata a hannu, 'yan acaɓa suna ta kauce mini. Bari in kai ka inda ƙamshin nan ya kai ni.

Gidanmu yana gefen Kafanchan ne, ta hanyar Kagoro, inda gari ke ƙarewa gonaki su fara. Da safe kana jin jiniyar jirgin ƙasa daga tasha, in ka waiwaya kuma ga dutse ya yafa gajimare a kafaɗa. Babana malamin firamare ne. Mamana tana da tebur a kasuwa. Gona kuwa ta Kaka ce, mahaifiyar Baba, 'yar ƙaramar tsohuwa mai saurin tafiya, wadda ba ta taɓa shiga aji ba amma takan gaya maka ranar da ruwa zai sauka daga yadda tururuwa ke kwashe ƙwai.

A wajen Kaka babu abin da ke fitowa daga gona a ce masa shara. Totuwa tana da kusurwarta a madafa. Kara na danga ne da na dama kunu, harawa ta awaki. Amma akwai tari ɗaya a bayan rumbu wanda ko kaza ta hau sai an kore ta. Karan acca ne da busasshiyar ciyawa, waɗanda Kaka ke yanka tun kafin Kirsimeti, kafin masu farautar gafiya su sa wa daji wuta. Takan ɗaure su dami-dami ta jera a kan duwatsu saboda gara. Sunan tarin a gidanmu bargon citta.

In ba ka taɓa noma citta ba, ga dalili. Ana shuka ta bayan ruwan fari, wajajen Ista. Daga nan sama takan yi shiru, wani lokaci har mako biyu ko fiye, rana ta gasa ƙasa. Cittar da ba a lulluɓe ba takan bushe a cikin rami tun ba ta ga duniya ba. Wadda aka lulluɓe kuwa tana kwance cikin laima, ciyayi ba su tashi a kanta, kafin tsakiyar damina bargon ya ruɓe ya zama baƙar ƙasa mai tana. Irin cittar Kaka daga gidan mahaifinta ta zo da shi cikin ƙwarya lokacin aurenta. Kowace shekara takan ware na shuka ta ɓoye a inuwar mangwaro. Ba ta taɓa sayen iri ba, kuma ba ta yarda akwai irinsa a kasuwa ba.

Shekarar da nake aji huɗu, kananzir ya yi wuyar samu, itace kuma ya yi tsada har mata suna ƙirga shi da ido kafin su sa a murhu. A lokacin ne mai burodin unguwar tasha ya fara zagayawa da a-kori-kurarsa yana sayen totuwa da kara don hura tanderu. Ɗan ma'aikacin jirgi ne, iyayensa daga gabas suka zo, amma shi a Kafanchan aka haife shi, Hausarsa ta fi ta Kaka santsi. Mutane sun yi murna. Abin da ake bar wa iska da gara, yau ga mai ba da kuɗi a kansa. Cikin 'yan makonni bayan gidaje suka zama fili.

Kaka ta tafi taron zumuntar mata na kwana huɗu lokacin da motar ta tsaya a ƙofarmu. Baba ya sayar da kara, ya sayar da rabin totuwa. Da mai burodi ya hango tarin bayan rumbu ya tambaya, Baba ya ɗan yi tunani ya ce a kwashe. Ba mugunta ba ce. Ya karanta a littafin aikin gona cewa takin zamani na ninka amfani, kuma ya daɗe yana son ya yi wa mahaifiyarsa wani abu da zai nuna karatunsa bai tashi a banza ba. Da kuɗin ya sayo taki, ya jingine buhun a ƙofar ɗakinta yana jira.

Da ta dawo, tun ba ta sha ruwa ba ta zagaya bayan rumbu. Na bi ta. Duwatsu ne kawai a jere, da 'yan ƙadangaru a kai.

"Ticha," ta kira. Haka take kiransa in ranta ya ɓaci.

"Na'am, Mama."

"Duwatsun nan, kai ka wanke su?"

Baba ya yi bayani mai tsawo, har da Turanci a ciki, ya jawo buhun ya buɗe mata. Ta ɗebi ƙwayoyin a tafinta ta duba, ta mayar a hankali.

"Na gode, Ubangiji ya ƙara. Taki abinci ne. Amma wanda aka tuɓe a tsakar rana, tuwo zai fara roƙo ko zane?"

Washegari Baba ya hau keke ya fita neman ciyawa bayan an tashi makaranta. Daji ya riga ya ƙone ƙurmus, sai baƙin toka har gindin dutse. Maƙwabta sun sayar da nasu. 'Yan kaɗan da suka rage da ciyawa sun gane darajarta, farashin da suka faɗa ya ninka wanda aka ba shi nesa ba kusa ba. An ce masa akwai a ƙauyuka masu nisa, amma ciyawa kaya ce marar nauyi mai cin wuri. Keke dami biyu yake ɗauka, kuɗin hayar mota kuma ya fi kuɗin kayan. Kwana uku yana fita, abin da ya tara bai rufe ko tabarma huɗu ba. A dare na uku ruwan fari ya sauka. Irin da ke ƙarƙashin mangwaro kuwa ya riga ya fara buɗe ido, ba zai jira wata shekara ba.

Da safe Kaka ta ɗaura ɗankwalinta na zuwa sujada ta ce in raka ta. Muka bi gefen layin dogo har gidan burodi. Tun daga nesa ƙamshin totuwa da na burodi suka tarye mu a haɗe. Mai burodin ya fito da fulawa har gira.

"Mama, yau da kanki? Ke da kika ce burodi iska ce aka gasa."

"Har gobe iska ne. Na zo ganin wanda ya cinye bargona."

"Saya na yi, Mama. Ticha ya sayar, har da godiya."

"Ticha ya san alli, kai ka san fulawa. Cikinku wa ya san citta?"

Ya yi dariya har ya dafa bango. Amma da ta gaya masa inda irin ya fito da shekarun da ya yi a hannunta, dariyar ta tsaya. Ya goge hannunsa a riga.

"Kwana nawa ya rage?"

"Ƙasa ya jiƙu. Jibi ko gata sai in shuka, da bargo ko babu."

Ya dubi rumfar da yake tara makamashi, ya sake dubanta. Ya ce ciyawar ma cutarsa ta yi, fuu take tashi ta mutu, tanderu bai ko ji ta ba, totuwa ce mai riƙe garwashi. Ya ce yawancin tata tana nan a ɗaya rumfar tasa ta cikin gari, ta ba shi zuwa jibi.

"Ban zo roƙo ba," in ji Kaka. "Abin da ka saya naka ne."

"To mu yi musaya. Totuwarki ta kaka mai zuwa tawa ce."

"Rabi. Ni ma ina dafa tuwo."

"Mama, da ke ce ke sayar da fulawa da na rufe shago."

"Tokar tanderunka fa, ina kake kai shi?"

"Wa ke sayen toka? Bola."

"To ka riƙa dawo wa ƙasa da abinsa. Shi ya ba ka wutar."

A hanyar komawa ya cusa mini burodi mai zafi a hannu. Kaka ta gutsuri gefe ta ci.

Ranar da ya faɗa motar ta iso, an loda ta har tana rangaji. Duk gidan muka fita gona. Kaka tana gaba tana binne iri, mu muna baya muna shimfiɗa ciyawa. Baba, da wandonsa na zuwa aji, shi ke ɗauko dami a ka daga bakin hanya, ɗalibansa suna wucewa suna gaishe shi suna ƙunshe dariya. Da la'asar gonar ta koma launin zinariya tun daga kan iyaka har rafi. Na kwanta a gefenta, ina jin ɗumin ciyawa a bayana da sanyin ƙasa yana ratsowa ta ƙarƙashi.

Sai sama ta yi shirunta. Kwanaki suka yi ta wucewa ba ko ɗigo. Gonakin da aka bari tsirara suka tsattsage, cittarsu ta fito jefi-jefi kamar haƙoran tsoho. Kowace safiya Kaka takan cusa hannu ƙarƙashin bargon, ta fito da shi da danshi. Wata safiya ta kira ni ta ɗaga ciyawar, ga wani ɗan kore mai tsini kamar allura. Bayan mako guda gonar duk ta tashi. Takin Baba ma bai tafi a banza ba, masara aka zuba wa. Da kaka ta zagayo, matan da irinsu ya lalace suka zo da ƙwarya, Kaka ta ɗebar wa kowa.

Yanzu nakan zauna a taro in ji masana suna lissafin yadda za a tattara kara da buntun shinkafa a mayar da su makamashi, nawa ne kuɗin ɗauko su, nawa ya kamata a bar wa ƙasa don kada ta tsiyace. Magana ce mai kyau, ina kuma fatan ta yiwu. Sai dai nakan so a ce akwai wata tsohuwa a ɗakin da za a tambaya abin da tarin bayan rumbu yake jira kafin a sa masa farashi. Gonar Kaka yau gidaje ne, amma irin yana nan a hannun ƙanena.

Shekaru bayan rasuwar Kaka na haɗu da 'yar mai burodin a wani biki. Shi ma ya riga ya rasu. Muna hirar zamanin da, na ba ta labarin nan ina godiya da mahaifinta ya ajiye mana ciyawarmu. Ta dube ni ta yi murmushi.

"Wace rumfa ta cikin gari? Rumfarmu ɗaya ce. Ciyawarku ta ƙone tun makon farko. Motar ya tura ƙauyukan bayan Madakiya, aka bi gida-gida ana saye. Kwana biyun nan ba a kai burodi ko'ina ba."