Guɗar Inna Hadizatu

A ƙauyenmu da ke kusa da garin Suki, aure bai cika aure ba sai Inna Hadizatu ta rangaɗa guɗa. Yayar mahaifiyata ce, kuma ban taɓa ganin mai gaggawa irinta ba. Shayi ma a tsaye take shan sa.

A shekarun da birnin Madani ke zaune lafiya, muryarta ta dushe, ta ƙi dawowa. Na kai ta asibiti can, likita ya ce ciwon daji ne a maƙogwaro, amma an gano shi da wuri. Za a riƙa haska wurin da na'ura, kaɗan kaɗan kullum, fiye da wata guda. Ni na shiga yi masa tambayoyi. Ita kuwa abu ɗaya ta ji: bikin jikarta Najwa saura mako uku.

Mai kula da na'urar, Mujtaba, Bahaushe ne da Larabci ya fi zama a bakinsa. Ya yi mata wata fuskar roba daidai kanta, wadda ke riƙe ta kada ta motsa. Ranar farko, kafin ta gama salati an ce ta tashi.

"Shi ke nan?" ta ce da 'yar muryarta. "Ɗana, wanga ai ɗanɗano na. Haɗa man na sati guda yau, halas, a gama!"

"Ya Hajja, ba ya yiwuwa," in ji shi. "Hasken yana ƙona ciwon, yana taɓa nama mai lafiya ma. In shwayya ne, wato kaɗan kaɗan, mai lafiya ya gyara kansa kafin gobe, ciwon kuwa ba ya iyawa sosai. In na haɗa, duka su ƙone, har da muryar."

Ta gyaɗa kai kamar ta yarda. Ni da na san hali, na san da sauran rina a kaba.

Washegari ta yi nata da safe. Da azahar sai ga wata tsohuwa a layi, ta lulluɓe da mayafin Ruqaya ƙanwar Inna, ta ƙara da ɗingishi. Wai baƙuwa ce daga garin Rusairis! Mujtaba ya dubi takalmanta, ya shiga ciki, ya fito da fuskar robar Inna.

"Baƙuwa, gwada wannan mu gani."

Ta zauna mata daram, hanci da haɓa. Marasa lafiya suka kwashe da dariya, wani dattijo har da riƙe ciki. Inna ma ta dara, ba sauti, sai kafaɗu ke rawa.

A mako na uku wasa ya ƙare. Fatar wuyanta ta yi duhu kamar ƙanzo, kunu ma da ƙyar yake wucewa. Ta shafa wurin ta ce min, "Wanga ɗanɗanon ke nan? Da ya biye man, da yanzu na toye." Ta yi kuka ranar, don ta tabbata bikin zai wuce ta, ni ma na taya ta.

Ba mu sani ba, Najwa ta riga ta tada ƙayar baya a gida. Ta ce ba za ta shiga lalle ba sai kakarta ta dawo. Aka yi rarrashi, aka yi faɗa, dangin ango suka gaji suka ɗaga bikin zuwa bayan girbin gyaɗa.

Inna ta gama zuwanta tsaf, ta dawo tana magana ƙasa ƙasa, aka tsare ta da kunu da hutu.

Ranar kai amarya mata suka yi cirko-cirko, ba wadda ta yarda ta fara guɗa. Inna ta gyara mayafi, ta kama hanci, ta saki. Guɗar ta fito a shaƙe, gajeriya, kamar ta zakaran da ke koyon cara. Wallahi ban taɓa jin mummunar guɗa mai daɗinta ba. Najwa ta yaye lulluɓi ta ruga ta rungume ta, muna dariya muna hawaye.

Inna ta ture ta. "Matsa, ɗiya, ban ƙare ba. Shwayya shwayya za ni ba ku ita, kullum guda."