Jelin da na sayar da sunan silikon

Kafin a fara kirana tsohon fursuna, ɗan tireda ne ni a Tunga, nan Minna. Aikin jirgin ƙasa ne ya kawo kakana garin, babana tela ne, ni kuma turare da man shafawa nake sayarwa a wani ɗan shago a bakin titi. Ina salla, ina gaishe da manya, ba wanda zai kalle ni ya ce ga macuci. Da ku nake, samari masu kasuwanci ta waya. Wanda kuma ya zo don ya yi dariya saboda irin kayan da zan ambata, ya tashi ya ba ni wuri.

Da turare na fara. Sai in tsiyaye rabin kwalba, in cika da mai, in sayar a matsayin na asali. Ba wanda ya taɓa dawowa, sai zuciyata ta bushe. Ana nan wani dila da nake sarin kaya a wurinsa a Legas ya nuna min wata haja, kayan wasan manya, irin waɗanda ma'aurata ke saye a ɓoye don shimfiɗarsu. Ya ce iri biyu ne. Akwai na silikon, mai tsada, ba ya wari, ba ya shan datti, ko a tafasasshen ruwa ka jefa shi ba abin da zai same shi. Akwai kuma na jeli, roba ce mai laushi da aka cuɗa da sinadarai, arha kamar banza. Shi jeli yana warin sabuwar taya, yana danƙo, yana tsattsafo da wani maiƙo da kan ƙona fata. Jikinsa duk ƙananan ƙofofi ne da ido ba ya gani, ƙazanta ta shiga ta zauna, wanke shi duk yadda za ka wanke ba za ta fita ba.

Duk wannan na sani tun ranar farko. Kada wani ya ce jahilci ne ya kai ni, mugunta ce.

Na sayo na jelin. In jiƙa su a ruwan sabulu kwana biyu warin ya lafa, in shanya a ɗaki, in barbaɗe su da garin sitaci danƙon ya ɓoye, sannan in zuba a kwalayen da na buga wa rubutun silikon zalla. Kun san abin da na dogara da shi? Kunyar mutane. Wanda aka cuta a cinikin waya zai tara maka jama'a a ƙofar shago. Wanda aka cuta a irin wannan kayan fa, wa zai gaya wa? Sai dai ya haɗiye. Shekara guda ina yi, ko tari ba wanda ya yi min.

Wata ranar Laraba da hantsi wani dattijo ya sauko daga keke, ya tsaya yana juya kwalaben turare har shagon ya watse. Baba Yohanna sunansa, tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma daga Maikunkele. Murya ƙasa-ƙasa ya ce tun da aka yi masa aiki a mara ƙarfinsa ya tafi, shi da matarsa suka yi shawara, wata nas ta ce su gwada wannan. Ya ce, “Ɗana, madam tana da ciwon suga. Nas ta ce ƙaramin ciwo a jikinta babba ne, kada mu kuskura mu sayi na jeli. Wannan silikon ne?” Na ce, “Haba Baba, ga shi a rubuce.” Ya ce in rantse. Na rantse. Har na ƙara masa da cewa su riƙa tafasa shi, tunda haka ake yi da na gaske. Ya yi min godiya, ya sa min albarka.

Bayan kamar wata guda ya dawo da baƙar leda, ya juye ta a kan teburina. Wani dunƙulen roba ne, ya lanƙwashe ya naɗe, wari ya cika shagon. Ashe matar, Mama Saratu, tun farko ta fara jin zafi da ƙaiƙayi, kunya ta hana ta faɗa ko ga mijinta. Sai da zazzaɓi ya kayar da ita aka kwashe ta asibiti, ciwon ya riga ya shiga jini ya taɓa ƙoda. Da likitoci suka tambaye su abin da ya jawo ciwon, shi ne ya tuna maganata, ya koma gida ya tafasa abin ya gani, ya lalace a tukunya.

Ya ce, “Ai ka rantse min da Allah.” Ni kuwa, tir da ni, sai na yi dariya. Na ce, “Baba, kwashe ƙazantarka ka fita. Je ka kai ƙara in ka isa. Wallahi kafin la'asar duk Maikunkele sai ta san abin da kake saya wa matarka, har cocinku.” Ya dube ni, ya ce, “Kai ba mutum ba ne.” Ya tattara ledarsa ya fita, ni kuma na ci gaba da cin gyaɗata, don na tabbata ba zai iya ba.

Ya iya. Bayan kwana uku 'yan sanda suka zo, suka sami kwalaye da buhun sitaci da kayan da ke jiƙe a baho. A kotu tsohon nan ya miƙe gaban alƙali, ɗaki cike da 'yan kallo, ya faɗi lalurarsa da bakinsa, ya faɗi abin da ya saya da dalilin saye. Wasu 'yan iska a baya suna ƙyalƙyata dariya, bai ko waiwaya ba. Lauyana kuma, da yardata, ya yi ta jan sunan matar a ƙasa. Aka ba ni shekara biyu. Ba zan ɓata muku lokaci da labarin kwarkwata da gabzar gidan yari ba, na cancanci fiye da haka. A can ne na daina ganin laifin dila da talauci, na ga nawa.

Yanzu na fito, ina ɗinki a shagon babana a Shango, na tuba ga Allah. Amma ina ganinku a waya, kuna tallan irin kayan nan da kwalayen ƙarya, kuna cewa ai kowa yana yi. Ƙarya kuke, ɓarayi ne ku kamar yadda nake. Duk abin da zai shiga jikin mutum, in ba ka san da me aka yi shi ba, kada ka sayar. Kai kuma mai saye, in abu yana warin roba, yana danƙo, yana maiƙo, jefar da shi ko me aka rubuta a kwalinsa. In jiki ya yi zafi a tafi asibiti a ranar, likita ya ga abin da ya fi wannan.

Watan jiya na daure na je Maikunkele neman gafara. Mama Saratu ce ta leƙo, ta rame, tana dafa bango. Na durƙusa na ce, “Mama, ki yafe min.” Ta dube ni. Ta ce, “Kai an sake ka. Ni sau biyu a mako ake wanke min ƙoda. Shekara ashirin ina waƙa a zumuntar mata, tun ranar kotun nan ban sake taka coci ba, ko kasuwa sai dai a je min. Tashi min daga ƙofa.”

Na tashi. Ina jin ta tana fama da sakata, hannunta ba ƙarfi, sai da ta gwada sau uku kafin sakatar ta shiga.