Murfin da Baba Idi Zai Iya Takawa

"Na hannu ko na ƙafa?" in ji mai shago a Jidda. Ni da kafilinmu, wato ubangidanmu, mun je sayen murfin da direba ke toshe bakin injin yankan ciyawa da shi, don kada ya watsa wa mutane tsakuwa.

Na ce, "Na hannu, ya ammi, ya fi araha."

Kafili ya harare ni. "Baba Idi fa? Da wane hannun zai ja?"

Baba Idi tsohon direbanmu ne. Tun da ya yi ciwo, da hannu ɗaya yake tuƙi, kullum cikin tsoron sallama.

Na ce, "Halas, na ƙafa."

Yau na ga Baba Idi yana takawa yana dariya.

Jama'a, ku ma an taɓa tunawa da ku haka a wurin aiki?